Kwana talatin ban ci tuwo ba

Ranar da ƙanwata ta turo min ta WhatsApp jerin abincin da wani tsari mai suna Whole30 ya hana ci na kwana talatin, ina kicin ne ina jiran ruwan tuwo ya tafasa. Na karanta layi na farko da na biyu da na uku, sai na ɗaga kai na dubi abin da ke gabana: garin masara a roba, ƙullin daddawa kusa da turmi, galan ɗin man gyaɗa, da waken da na auno don ƙosan safe. Babu ko ɗaya a cikinsu da jerin ya bari. Na kira ta nan take, a can Amurka rana ta yi tsaka a lokacin. Na ce, "Ke, to in na bar duk waɗannan me zan ci?" Ta ce, "Yaya, ki buɗe ɗaya shafin mana, na abin da aka yarda a ci. Ya fi wancan tsawo."

Kusan shekara biyu ke nan a lokacin ina fama da kumburin ciki. Da safe lafiya lau nake tashi, amma kafin la'asar zanin da na ɗaura ya fara matse ni, cikin ya yi tam kamar ganga, ga gyatsa, ga ƙugi, wani lokaci murɗa har sai na zauna. Ni malamar makaranta ce, kuma tsayuwa gaban ɗalibai da irin wannan ciki ba ƙaramin abu ba ne. Kowa na faɗa wa sai ya ce olsa ce. Na sha maganin olsa, na sha jiƙe-jiƙe, na sha ruwan kanwa. Da abin ya ishe ni na je asibiti, aka yi gwajin jini, aka duba bayan gida, aka nemi ƙwayar H. pylori mai kawo gyambon ciki, aka ɗauki hoton ciki. Ba a ga komai ba. Likita ya ce alamun sun fi kama da abin da suke kira IBS, wato hanji ne da ba shi da rauni ko ƙari, sai dai wasu abinci suna tayar masa da hankali. Ya ce in fara rubuta duk abin da na ci da yadda na ji bayansa.

Na yi sati uku ina rubutu ban gane komai ba. Dalili kuwa a fili yake: abincinmu a haɗe yake zuwa. Karin safe ɗaya yana da burodi, shayi da madara da sukari, ƙosai da yajin ƙuli. In ciki ya kumbura da rana, wa za ka kama a cikinsu? Shi ya sa da ƙanwata ta kawo maganar a cire su gaba ɗaya na ɗan lokaci, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, hankalina ya kwanta da ita. Na koma wurin likitan da jerin a wayata. Ya karanta, ya ce wata ɗaya ba zai cutar da ni ba tunda ba ni da ciki, ba na shayarwa, ba ni da ciwon sukari. Amma ya sa aka ɗebi jinina tukuna don gwajin cutar siliyak, wadda sinadarin gulutin na alkama ke haddasawa. Ya ce wannan gwaji sai mutum yana kan cin alkama yake nuna gaskiya, in ka riga ka daina zai iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan. Nawa ya fito babu.

Tsarin da na bi sunansa Whole30. A Amurka aka fara shi a 2009, kuma Melissa Urban tana cikin waɗanda suka kafa shi. Ƙa'idarsa a taƙaice ita ce kwana 30 ba hatsi kowane iri, ba dangin wake, ba nono da abin da aka yi da shi, ba sukari ko zuma ko wani abin zaƙi da aka ƙara wa abinci, ba giya. Abin da ya rage shi ne nama, kifi, ƙwai, kayan lambu, ganye, saiwoyi irin doya da dankali, 'ya'yan itatuwa, mai, da kayan ƙamshi. An kuma ce kada a hau ma'aunin nauyi har a gama, don ba rage ƙiba aka fito yi ba. Maganar giya ba ta shafe ni ba. Sauran huɗun kuwa su ne ginshiƙin tukunyar Bahaushe.

Na fara ranar 1 ga Nuwamba 2023. Da gangan na zaɓi lokacin, don sabuwar doya ta wadata, dankalin Hausa da kabewa sun cika kasuwa, kayan lambu na rani sun fara shigowa.

Daren jajibiri na zauna da biro da takarda ina fassara jerin zuwa abincin gidanmu, domin wanda ya rubuta shi bai san dambu ba, bai san kilishi ba. Hatsi bai ba ni wahala ba wajen ganewa. Dawa, gero, maiwa, masara, shinkafa, alkama, duk sunansu na nan a rubuce. Acca ce ban gani ba, amma hatsi ce, ta bi sahu. Wannan layi ɗaya ya kwashe tuwo kowane iri, waina, sinasir, funkaso, gurasa, burodi, taliya, burabusko, dambu, faten tsaki, koko, kunun tsamiya, kunun zaki da fura. Layin wake ya ɗauke ƙosai, alale, ɗanwake, wake da shinkafa, awara da gurjiya. Koren wake mai kwanso da ake yankawa a soyayyar shinkafa shi an bar shi. Nono ya tafi da kindirmo, yogot, cuku da madarar shayi.

Gyaɗa ce ta girgiza ni. Mu ba ma lissafa ta cikin wake, amma a wurin masu ilimin tsirrai dangi ɗaya suke, kwanso take yi kamar wake, sai dai ita a ƙarƙashin ƙasa. Da ta fita sai na ga ashe ko'ina tana nan. Tana cikin man da nake suya da shi. Tana cikin yajin tsire, don ƙuli-ƙuli ne jigonsa. Tana cikin labun da ake shafa wa kilishi. Tana cikin miyar taushe, tana cikin kwaɗon zogale da na rama, tana cikin kunun gyaɗa. Na yi ta murna da farko cewa ai nama an yarda, zan riƙa aiken yara wurin mai tsire. Ashe tsiren ma bai tsira ba. Balangu ne kawai ya rage, shi ma sai na ce wa mai naman ya yanka min ba yaji, ba mai, gishiri kawai. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko?" Na ce da sauƙi, likita ne ya sa ni a kan ƙa'ida. Daga ranar, da ya hango yarona zai ware min nawa gefe kafin ya barbaɗa wa sauran. A 2024 masu tsarin sun sassauta kan man girki, suka yarda da kowane iri, amma a lokacin da na yi man gyaɗa da na waken suya duk a hane suke.

Sai daddawa. A nan na daɗe ina juya biro. Ba ta cikin jerin, amma daga kalwa ake yin ta, 'ya'yan ɗorawa, ita kuma ɗorawa dangin wake ce. Wadda ake yi da waken suya kuwa ba ta buƙatar tambaya. Na san an dafa kalwa an rufe ta kwanaki ta ruɓa, kuma ɗan kaɗan ake sawa a miya, mai yiwuwa ba za ta yi komai ba. Amma na ce in dai gwaji zan yi, in yi shi tsaf, kada in gama wata guda ina kokwanto. Na cire ta. Miyar kukar da na yi a rana ta biyu, ba daddawa ba dunƙulen magi, ban iya gamawa ba. Salam take kamar an kaɗa ganye a ruwan zafi.

Inna ce ta cece ni, mahaifiyata. Na je gaishe ta ranar Juma'a nake ba ta labari. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ke da kika ce ba dangin wake, daddawar batso fa? Ai ita da gurguzu ake yi." Gurguzu 'ya'yan yakuwa ne, shukar da ke ba mu zoɓo, ba ta haɗa komai da wake ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko min ƙulli biyu da wata 'yar'uwarta ta kawo mata daga ƙauye. Warinta ya fi na kalwa ƙarfi, ɗan mitsitsi ake sawa. Na haɗa ta da dakakken busasshen kifi da garin jatan lande da citta da masoro, miyata ta dawo miya. Dunƙulen magi kuwa na ajiye shi ne bayan na karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalin da nake da shi, na ga akwai sukari da sitacin masara. Wannan karatun jikin kwali ya zame min ɗabi'a a watan. Tumatirin leda, kifin gwangwani, garin kori, duk sai na juya bayansu na duba, kuma sau da yawa sai in tarar da sukari ko garin alkama ko man waken suya a inda ban zata ba.

Man shanu shi ne abin da ya fi faranta min rai a jerin. An hana duk abin da ya fito daga nono, ban da man shanun da aka narkar aka tace, irin wanda Indiyawa ke kira gi. Dalili shi ne in aka dafa shi ruwan ya ƙone, sukarin nono da furotin ɗinsa suna rabuwa da man, wani ya taso a kumfa, wani ya kwanta a ƙasan tukunya. To wannan ai shi ne soya man shanu da iyayenmu ke yi tun fil azal. Na sayi curi shida wurin wata Bafulatana da na saba da ita, na wanke su da ruwan sanyi har ruwan ya daina fari, na ɗora a ƙaramar wuta. Ya yi ta tsatsa yana kumfa, ina kwashewa da cokali, har ya yi shiru ya koma garau kamar zuma, ƙasan tukunya ya yi ja-ja. Na tace da farin ƙyalle mai tsabta a kwalba. Da shi da manja na yi girkin wata guda, sai ɗan man zaitun a kan salak.

Kwana huɗun farko sun yi min nauyi. Kaina ya yi ta sara, jikina ya mutu, raina na saurin ɓaci. Na saba shan shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku sau biyu a rana, rana ɗaya na koma ruwan bunu da citta da kanumfari. A rana ta shida jiri ya ɗebe ni a aji ina rubutu a allo, sai da na dafa tebur. Da na dawo gida na duba littafina na ga laifina ne. Tsoron karya ƙa'ida ya sa na koma ƙwai biyu da kokwamba da safe, ganye da ɗan kifi da rana. Mutumin da ya saba da malmala biyu ta tuwo ba zai rayu a kan haka ba. Tsarin bai hana abinci mai sitaci ba, hatsi kawai ya hana. Doya, dankalin Hausa, rogo, gwaza, makani, agada, kabewa, duk an yarda. Dankalin Turawa ma da farko sun hana shi, suka dawo da shi a 2014.

Daga nan tukunyata ta daidaita. Da safe in dafa dankalin Hausa ko doya in soya ƙwai uku da tumatir da tattasai a man shanu. Da rana in tafi makaranta da faten dankalin Turawa da alayyafo da kifi banda a kula. Da dare in kirɓa sakwara, in ci da miyar kuɓewa ɗanya ko agushi ko karkashi ko ayoyo. Miyar taushe na koma yin ta da niƙaƙƙen riɗi maimakon gyaɗa, kabewa da yakuwa suna nan yadda suke, kuma maigida da ya ɗanɗana bai gane an sauya komai ba sai da na faɗa masa. Kwaɗon zogale ma da riɗi na riƙa yi, in soya shi sama-sama in daka da barkono da gishiri. Farfesun kayan ciki, na kaza, na tarwaɗa, babu abin da ya taɓa su, don citta, kimba, masoro, kanumfari da tafarnuwa duk halas ne a tsarin. Har gyaɗar miya, wadda sunanta ya sa na tsorata, ashe sunan ne kawai, ƙwallon wata bishiya ce daban. Rogo kuwa mai zaƙi nake saye, in ɓare in dafa shi ya nuna sosai in zubar da ruwan, don ɗanyensa, musamman mai ɗaci, yana da guba.

Akwai wata ƙa'ida da na ɗauka wasa ce sai da na gane hikimarta. An ce kada a ɗauki kayan da aka yarda da su a ƙera kwaikwayon abin da aka hana, kamar a yi fanke ko kek ko cincin da garin rogo ko na kwakwa. A sati na biyu na yi niyyar yin wainar rogo don kewar waina ta dame ni. Na fasa. Na lura ba yunwa ce ke sa ni neman ta ba, sabo ne na cewa ƙarfe biyar na yamma sai na tauna wani abu soyayye. In na ji haka sai in ci aya ko 'yar yazawa ko gwaiba ɗaya. Aya ma mutane na ɗauka dangin gyaɗa ce, alhali saiwa ce, 'yar ƙaramar doyar wata ciyawa. Na yi kunun aya da kwakwa da dabino uku sau biyu a watan, ba sukari. Zoɓo kuma na dafa shi da ɓawon abarba da citta, na matse abarbar a ciki. Bayan sati biyu ba sukari, harshena ya canza har gwanda ta riƙa yi min zaƙi kamar an zuba mata zuma.

Abin da jerin bai faɗa ba shi ne kuɗi da mutane. Mudun masara ɗaya yana ciyar da gidanmu duka, amma doyar da za ta ƙosar da ni ni kaɗai na kwana biyu ta fi shi tsada. Ƙwai da kifi da nama kullum ba abin da albashin malamin makaranta ke ɗauka ba ne cikin sauƙi, ga shi shekarar ce aka cire tallafin man fetur komai ya tashi. Na jingina da kifi banda, ƙwai, ganda da kayan ciki, naman sa kuwa sau biyu a sati. Tukunya biyu nake ɗorawa kullum, don ban ga dalilin hana yara tuwonsu da ƙosansu ba, su da ke girma kuma lafiyarsu ƙalau. In tuƙa musu tuwon masara, ƙamshinsa na dukan hancina, in kwashe in rufe, in koma kan turmin sakwarata.

Ranar da ta fi min wuya ita ce ta sha bakwai, sunan jikar surukata. An yi waina da miyar taushe, an yi alkaki, an dama fura da kindirmo. Hajiya da kanta ta zuba min ta turo gabana. A gidan miji ba a mayar da kwanon uwar miji. Na matsa kusa da ita na rage murya na ce, "Hajiya, ku yi min afuwa, ina kan magani ne na cikin nan da ke damuna, an hana ni hatsi da nono sai ƙarshen wata." Ta yi shiru tana kallona, sannan ta ce, "Ciwon nan bai rabu da ke ba har yanzu? Allah ya sawwaƙe." Ta kira wata yarinya ta ce a kawo min farfesun kan rago daga tukunyar maza. Da zan tafi ta ƙulle min alkaki a leda ta ce in ajiye, ba ya lalacewa, in na gama in ci. Na san akwai waɗanda suka yi ƙus-ƙus cewa boko ne ya yi min yawa, amma ita ta karɓi uzurina, kuma wannan ya ishe ni.

Zuwa kwana na goma kumburin ya ragu sosai, zanina ya daina matse ni da la'asar. Amma bai tafi duka ba. Ranar sha biyu da ta sha huɗu cikina ya tashi kamar da, alhali ban karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wahalar banza nake yi. Da na natsu na buɗe littafin, sai na ga abu ɗaya a ranakun biyu: balangu da ɗanyar albasa mai yawa, sannan na bi da kankana. Na kai wa wata ma'aikaciyar abinci mai gina jiki a asibitin da nake zuwa. Ta ce ba abin mamaki ba ne. Akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci da ƙaramin hanji ba ya tsotse su da kyau, sai su wuce babban hanji, su jawo ruwa, ƙwayoyin da ke zaune a can su ci su su saki iska. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya ne suka tattara su suka kira su FODMAP, suka kuma fitar da tsarin abinci na musamman don masu IBS. Albasa da tafarnuwa suna da su da yawa, haka kankana, mangwaro, tuffa da yazawa. Alkama da wake da nono ma suna ciki. Wato jerin da nake bi ya cire wasu daga cikin masu laifin, ya bar wasu da hannu biyu, don shi ba a kan wannan aka gina shi ba.

Wannan ya gyara min tunani. Na shiga watan ne da zaton cewa shafin "an yarda" abinci ne mai kyau, shafin "an hana" kuma mai cutarwa. Ba haka ba ne. Jerin wasu mutane ne suka zauna suka tsara bisa abin da suke zargi, shi ya sa suke sake shi lokaci zuwa lokaci. Masana abinci da yawa ma ba su yarda da shi ba a matsayin hanyar rayuwa. A 2016 mujallar U.S. News & World Report ta jera tsare-tsaren abinci 38, ta sa shi a na ƙarshe, kuma cikin dalilan akwai hana hatsi da wake da nono, abincin da aka san amfaninsa ga yawancin mutane. Ni ma ba zan taɓa cewa gero ko wake cuta ba ne. Su suka raini kakannina suka yi noma har tsufa. Na daina cin ɗanyar albasa, a miya kuma in soya ta a mai in tsame, ƙamshin ya zauna ita ta fita. Kankana na rage zuwa yanka ɗaya. Sati biyun ƙarshe cikina ya kwanta irin kwanciyar da na manta akwai ta.

Ranar 1 ga Disamba aka shiga dawo da abinci, kuma a ganina nan ne aikin yake. Ƙa'idar ita ce a dawo da rukuni ɗaya a rana ɗaya, a koma kan tsarin kwana biyu ana lura, sannan a gwada na gaba. Su sun tsara shi a kwana goma: wake, hatsi marar gulutin, nono, sannan alkama. Ni sai da na yi kwana ashirin da huɗu, don na rarraba su. Gyaɗa daban, daddawa daban, wake daban, kindirmo daban da madara.

Gyaɗa ta wuce lafiya, na ci ƙuli na ci kwaɗo ban ji komai ba. Daddawar kalwa ma haka. Wake ya nuna halinsa gwargwado: alale da ƙosai da aka surfe aka cire ƙowa ba su dame ni ba, amma faten wake da ɓawonsa cike da kwano ya sa ni iska har dare. Ranar hatsi na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na zauna a tabarma na ci da hannu a hankali, ina jiran abin da zai biyo baya. Shiru. Washegari ma shiru. Na gwada masara, shinkafa, kunun gero, babu wanda ya tayar min da ciki. Na yi hamdala a fili, don tsoron da na kwana da shi wata guda shi ne a ce tuwo ne.

Madara ce ta tona kanta. Na haɗa shayi irin na da, cokali uku na madarar gari, ƙarfe bakwai na safe. Kafin ƙarfe tara cikina ya fara ƙugi, kafin sha ɗaya na shiga bayi sau biyu. Na bari kwana uku na sake gwadawa don in tabbata, abin ya maimaitu. Ma'aikaciyar abincin ta ce kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya jikinsu yana rage yin sinadarin da ke narkar da sukarin nono bayan yaye, sai al'ummomin da suka daɗe da kiwo, irin Fulani da mutanen arewacin Turai, su ne da yawansu ke riƙe shi har girma. Kindirmo rabin kofi bai yi min komai ba, don tsamin da yake yi ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Kofi cike da fura kuwa na ji shi. Alkama ta zo a tsakiya. Alkakin Hajiya guda biyu sun wuce lafiya, amma burodi yanka huɗu da safe da taliya da rana sun dawo min da kumburin la'asar sak yadda na san shi. Tunda gwajin siliyak ya nuna babu, ta ce mai yiwuwa ba gulutin ba ne, irin sukarin nan ne da alkama ta yi tarayya da albasa a kansa, shi ya sa yawa ne ke damuna.

Da na haɗa lissafin sai na ga karin safen da na yi shekaru ina yi, shayi mai madara da burodi da ƙosai da ɗanyar albasa a yaji, shi ne ya tara duk abin da hanjina ba ya so a faranti ɗaya.

Wata abokiyar aikina da ta ga na samu sauƙi ta ce in turo mata jerin. Tana shan maganin ciwon sukari. Na ce ba zan tura ba sai ta ga likitanta, don yanke hatsi lokaci guda ga mai shan irin wannan magani zai iya faɗar da sukarinta ƙasa ta suma. Haka zan faɗa wa mai ciki da mai shayarwa da duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a maƙogwaro, ko yake yawan amai. Waɗannan asibiti suke buƙata da gaggawa, kada su tsaya gwajin abinci.

Yanzu da safe kunun gero nake sha ko koko, da alale ko dafaffen ƙwai. Shayi na koma na citta da lemon tsami, sukari rabin cokali. Burodi sai ranar Asabar, yanka biyu. Tuwo ya dawo kowane dare, tukunya ɗaya da kowa. Miyar taushe da riɗi ta zauna a gidan don yara sun fi son ta, kuma duk lokacin da 'yar'uwar Inna za ta zo daga ƙauye ina aika saƙo ta taho min da daddawar batso.